Dokin Sodangi

Mutanen Sabon Birni suna cewa maigidana ne ya ƙago Sodangi. Ban musa ba. Amma duk wanda ya san zaman aure ya san cewa labarin da namiji ya fitar kasuwa, sai da matarsa ta fara shan wahalar jinsa a gida, tana tankaɗe yana zuba, tana sussuka yana zuba. Saboda haka ina da kasona a cikin Sodangi, kuma ba na jin kunyar faɗi.

Sunana Tani, fura nake sayarwa. Sunan maigida kuwa ba ya fita bakina, ku ma ba ku buƙatarsa, don ko a kasuwa Gyartai ake ce masa, da sunan sana'arsa. Ɗinkin ƙwarya yake yi. Mace ta fasa ƙwaryarta ta kawo masa, ya huda da basilla, ya ɗaure da zaren kaba, ta ba shi abin da ya sawwaƙa. Sana'a ce da ba a yi mata kiɗa. In ana lissafin masu sana'a a gari, sai an gama da maƙera da majema da mahauta, an miƙe za a watse, sannan wani ya ce, af, ga kuma Gyartai can. Shi ko a jikinsa. Yana zaune gindin tsamiyar bakin kasuwa, ni ina gefensa da ƙwaryar furata, hannunsa na aiki bakinsa na aiki, kuma bakin ya fi hannun tara jama'a.

Shekarun yaƙin Turawa ne. Da wuya ka sami gidan da ba a ɗebi wani ba, wannan an kai shi soja, wannan aikin kuza can ƙasar Jos, wannan aikin hanya. Waɗanda suka rage kuwa kaya ne a kansu, na gwamna da na kansu. A cikin wannan hali maigida ya haifi Sodangi da bakinsa.

Sodangi ɗan wata mai ɗiban ruwa ne, ubansa ɗan dako ne ya rasu tun yana ciki. Ba shi da komai a duniya sai bante da gammo na tsumma. Amma ba a yi kayan da zai gagare shi ba. Taku ɗaya yake yi daga Kurawa zuwa Gangara. Wuƙa ba ta cinsa, ba don ya sha magani ba, kanta ce kawai ta aiki ta rufe masa jiki. Ya taɓa ɗaukar rumbu da hatsinsa ya fitar da shi daga gobara. Ya taɓa cire rijiya sukutum daga daji ya kawo ta tsakiyar wani ƙauye, don matan wurin sun gaji da tafiya. Wanda aka fi so shi ne ranar da ya tarar da mutane an kama su ɗaukar kayan wani Bature mai rangadi, ga shuka tana jiransu. Ya ce su koma gona. Ya haɗa akwatuna da gado da bahon wanka, ya ɗora Baturen a bisa da kujerarsa da lemarsa, ya aza duka a ka, bai dire ba sai Isa. In maigida ya zo nan, sai ya kwaikwayi Baturen yana ƙanƙame da kujera, tsofaffi su yi ta dariya har da hawaye.

Abu biyu ne ba sa canjawa a labarin. Na farko, Sodangi ba ya zama. Yana sauke wannan kaya zai ji kira a wani wuri, ko ruwa ba ya tsayawa sha. Na biyu, ba ya zuwa sai an kira shi, kuma masu sauraro ne za su kira. Maigida zai kai labari inda ya yi tsanani, mutum ya rasa yadda zai yi, sai ya yi shiru, ya ɗaga basilla sama. Nan jama'a za su haɗa baki, maza da mata: "Sodangi, taho!" Har masu awo a can tsakiyar kasuwa sukan taya daga inda suke. Wadda ta fi kowa murya ita ce Hajjo, wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda aka tafi da ɗanta aikin kuza. Ita in ta kira, jijiyar wuyanta har tashi take yi.

Ana nan, wata ranar kasuwa sai ga Madugu Halliru na Isa. Wanda bai san shi ba ya ji sunansa. Shi ke saye wa kamfani gyaɗa da fatu, jakunansa na shiga Maraɗi suna fita, gidansa zaure na bin zaure. Ya taho bisa wani ingarman doki, ya ja linzami kusa da tsamiya, aka durƙusa aka gaishe shi, ya yi alama da hannu a ci gaba. Bai sauka ba, bai kuma wuce ba har aka gama. Da zai tafi ya aiko baransa ya ce Gyartai ya same shi Isa.

Maigida ya tafi yana ɗari-ɗari, ya kwana biyu ya dawo yana ƙamshin turare, da riga sabuwa a kafaɗa. Bakinsa ya ƙi rufuwa. Wai a kan darduma aka zaunar da shi. Wai shi aka fara miƙa wa akushi, shinkafa da nama, manyan mutane suna jira ya sa hannu. Wai da ya buɗe baki zauren ya yi tsit. Na dube shi, mutumin da tun da na aure shi ban taɓa ganin an fara miƙa masa ko ruwan alwala ba, sai na ji daɗi har cikin raina. Wallahi na ji daɗi. Kada wani ya ce na yi masa hassada.

Ina kwashe tuwo ya ce, "Sai dai Madugu ya yi wata 'yar magana."

Na ce, "Mi yac ce?"

"Cewa yay yi, yaron ga naka, daga Kurawa hal Gangara ƙahwa ƙasa? Haba Gyartai. A ba shi takalmi."

"Kai kuma ka ba shi?"

"Takalmi na dai, Tani. Mi takalmi za shi ɓata?"

A lokacin ni ma ban ga abin da zai ɓata ba.

To, daga takalmi aka fara. Duk zuwan da maigida zai yi Isa, shi ya dawo da kyauta, Sodangi ma ya dawo da kyauta. Madugu ya ce sanyi na kama yaron, aka ba shi riga. Ya ce rana na dukansa, aka ba shi hula da rawani. Ya ce wannan zancen kanta ba ya shiga hankali, mutum mai daraja layu yake ɗaurawa, sai aka ce ai Sodangi ya je wurin babban malami ya biya sadaka mai tsoka an yi masa guru da kambu. Daga nan sai doki, fari tas, da sirdi da likkafa ta azurfa. Da doki ya samu, sai mutanen zaure suka ga bai dace mai irin wannan doki ya zama ɗan mai ɗiban ruwa ba. Nan aka gano wai ashe ɗan wani attajiri ne ya ɓace yana jariri, matar nan tsintarsa ta yi. Aka ba shi gida da barori. Ya zamana in wani ya shiga wahala, Sodangi daga kan doki zai nuna da bulala, barori su ɗauka, shi kuma ya sa hannu aljihu ya yi kyauta. Gammon tsumma kuwa ban san inda aka yar da shi ba.

Na ce wa maigida, "Wanga ba Sodangi ba na, hakimi na."

Ya ce, "Ke ba ki gane ba. Madugu son shi shikai. In kin ga yadda shika sauraro, kamar ɗa nai aka ba labari."

"To mu da munka raine shi da tsumma fa?"

"Naku na nan. Na Isa daban, na kasuwa daban."

Haka ya yi ta raba ƙafa, mai doki a Isa, mai gammo a Sabon Birni. Da ya sha, ba don Labbo ba. Labbo mai jakuna ne, yana bin kasuwannin biyu, kuma Allah bai yi masa baki mai murfi ba. Wata rana maigida ya fara labari a gindin tsamiya, yana cewa Sodangi ya naɗe gammonsa, sai Labbo ya ɗaga murya daga baya.

"A'aha, Gyartai! Ina dokin? Ni da kunnena na ji ƙohwar gidan Madugu, Sodangi ya yi doki, ya yi barori, ashe ma ɗan masu kuɗi na. Ko mu ba mu isa a hwaɗa muna gaskiya ba?"

Aka juyo ana kallon maigida, shi ga shi zaune cikin rigar Madugu. In ya musa, magana ta koma Isa a ce ya ƙaryata mai kyauta a bainar jama'a. Ya sha jinin jikinsa. Sai ya yi dariyar yaƙe ya ce ai gaskiya ne, Allah ya yi wa Sodangi buɗi, ya kwashe duka ya faɗa musu, tun daga takalmi har uban da aka samo masa. Wasu suka ce madalla. Hajjo ta dai gyara zama.

Sai ya ɗauko labarin ranar. Wata tsohuwa ce ta je ƙetaren gulbi da damina ta yo itace. Tana dawowa da dami a ka, ta kai tsakiyar mashigi, ruwa ya taso. Ya kawo mata gwiwa, ya kawo ƙugu, ya kawo ƙirji. In ta jefar da itacen, ba abin da za ta dafa wa jikokinta abinci da shi. In ta riƙe, ruwa ya tafi da ita. Ga Sodangi can bisa tudu a kan farin dokinsa, rawani har da kunnuwa. Ruwa ya kawo mata wuya. Maigida ya yi shiru, ya ɗaga basilla.

Tsit kake ji. Har kukan akuya a can kara, wurin sayar da dabbobi, sai da muka jiyo.

Ya ƙara ɗaga basillar. Ya dubi Hajjo.

Hajjo ta ce, "Kak ka dube ni, Gyartai. Ni in buɗe baki tsakak kasuwa in kira mai doki da suna nai, in ce shi taho shi ɗaukam min kaya? Uwata ba ta koya min haka ba. In ma ya taho, tsohuwag ga ƙaƙa za ta yi? Ta durƙusa cikin ruwa ta gaishe shi?"

Ba gatse take yi ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Da gaske take. Talaka a ƙasarmu ba ya kiran babba da suna, balle ya aike shi. In mai doki ya taho, kauce masa ake yi, a tuɓe takalmi, a sunkuya har ya wuce. Ni kaina na buɗe baki don in fid da mijina kunya, sunan ya ƙi fita. Mutane suka fara zamewa ɗaya ɗaya, wannan ya tuna bai sayi gishiri ba, wancan ya ce rana ta yi. Aka bar maigida da basilla a sama, aka bar tsohuwa cikin ruwa.

Kuna iya cewa ai sai ya ci gaba da labarinsa, wa ya hana shi. Ba ku san mutumin ba. Na faɗa masa haka a gida, ya dube ni kamar na ce ya yi salla ba alwala. Sodangi ba ya zuwa sai an kira shi, kuma mai ba da labari ba ya kira da kansa. Tun da ba a kira ba, labari ya tsaya nan. Wani sabo kuma ba zai ɗauko ba alhali ga mutum cikin ruwa.

Kasuwa ta zagayo, maigida ya zauna gindin tsamiya yana ɗinki, bakinsa gum. Wata kasuwar ma haka. Isa ma ya daina zuwa, ya aika wai ba ya jin daɗi. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Tuwo sai ya taɓa ya ture. Ɗinkinsa ya lalace, har wata mata ta dawo da ƙwarya tana yoyo, abin da bai taɓa faruwa ba. Gidanmu da ba a jin kunne saboda surutunsa ya koma kamar gidan makoki. Ni da nake cewa ya ishe ni da zuba, sai ga ni ina tankaɗe ina kasa kunne ko zai ce wani abu. Duk ranar kasuwa kuma Hajjo za ta biyo, ta tsaya, ta ce a hankali, "Gyartai, an hid da tsohuwag ga?" Ya girgiza kai. Ta wuce tana share ido da bakin zane. Na san ba tsohuwar kaɗai take tunani ba.

Na ce masa, "Ka amshe dokin mana. Ka ce ɓarayi sun sace, ko ciwo ya kashe shi."

Ya ce, "Kyautam Madugu ta. Gaban mutane nai yab ba shi. In kashe doki, gobe in sa riga tai in hita? Mutumin da bai taɓa yi min komi ba sai alheri?"

Nan ma yana da gaskiya, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Da na ga mutum zai lalace mini a banza, sai na ɗaura zane na bi ayarin Labbo zuwa Isa. Na ce tunda bakinsa ya jawo, jakinsa zai kai ni. A hanya na shirya maganganu masu zafi, irin waɗanda tsohuwa kaɗai ke iya faɗa wa attajiri ta kwana lafiya. Ya je ya yi wasa da dukiyarsa a wani wuri. Ya sayi gyaɗa ya sayi fatu, yanzu kuma har ɗan abin da talaka ke sanyaya rai da shi sai ya saye?

Da muka isa gidan Madugu, aka shigar da ni ciki wurin uwargidansa Bilki, mace mai fara'a, ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa. Muna cikin gaisawa sai ga Madugu ya shigo yin alwalar azahar, bai san da baƙuwa ba. Ya tsuguna can gefen rijiya, ya cire rawani ya cire hula. Na kai ido, sai na ga tsakiyar kansa. Ba sanƙo ba ne. Kanta ce, baƙa, mai kauri, faɗin tafin hannu, irin wadda na sani a kan 'yan dako, inda gammo ke zama. Wuyansa kuma gajere ne ya shige cikin kafaɗu, kamar an danna shi.

Bilki ta ga inda nake kallo. Ta rage murya ta ce, "Kin ga abin da rawani ka ɓoyewa? Tun shina yaro shika ɗaukar kanwa da goro bisa kai, shi da uba nai, hanyag Gwanja. Uban can yar rasu, da kaya bisa kai, ko zango ba su kai ba. Ran da mijinki yaz zaka da labarin ga, da anka watse ya shigo ya kasa cin abinci. Cewa shikai, Bilki, yaron nan ba shi zama. Kowa kira nai shikai, ba mai ce mai sannu."

Duk maganganun da na ɗauko daga Sabon Birni suka zube. Na zo faɗa da mai kuɗi, na tarar da ɗan dako ya tsufa cikin manyan riguna. Mutumin nan tausayi ne ya kama shi, kuma hanyar tausayi ɗaya ya sani yanzu, ya sa hannu aljihu.

Da ya idar da salla na durƙusa na gaishe shi, na ce ni ce matar Gyartai. Ya tambayi jikinsa. Na ce, "Ranka shi daɗe, jiki da sauƙi. Sai dai akwai wata tsohuwa cikin ruwa Sabon Birni, ta daɗe, an rasa mai hid da ta." Ya zabura, ya ce wane gulbi, a kira barori. Na ce ba irin wannan ba ce. Na kwashe duka na faɗa masa, har maganar Hajjo ban rage ba. Ya ɗauko carbi yana ja. Can ya ce in gaida maigida, zai shigo ran kasuwa.

Da na dawo na faɗa wa maigida abin da na gani a kan Madugu da abin da Bilki ta ce. Ya dai ajiye ƙwaryar da ke hannunsa ya yi ta kallon ƙasa. Ranar ya cinye tuwonsa.

Ran kasuwa Labbo ya riga ya baza labari, gindin tsamiya ya cika tun hantsi. Sai ga Madugu. Wannan karon ya sauka daga doki tun daga nesa, ya ba bara linzami, ya tako da ƙafa. Aka zube ana gaisuwa. Aka rasa abin da za a shimfiɗa masa, ya ce a bari, ya tattara riga ya zauna bisa saiwar tsamiya kusa da Hajjo. Ita kuwa ta takure kamar ta shige cikin kwandon daddawarta.

Maigida ya yi gyaran murya, muryar ta ɗan dushe saboda rashin aiki. Ya koma inda ya tsaya. Tsohuwa na tsakiyar gulbi, dami a ka, ruwa a wuya, yanzu har ya fara taɓa haɓa. Sodangi na bisa tudu a kan farin doki. Yana ganinta, yana jin barori na yi masa kirari, amma kunnensa na neman wata murya daban, bai ji ba. Maigida ya yi shiru. Ya ɗaga basilla.

Ba wanda ya motsa. Da can ma an kasa, balle yau ga mai doki na gaske zaune a tsakiyarmu. Na ce a raina, shi ke nan, na tara wa mijina jama'a ya ƙara jin kunya.

Sai wata murya ta fashe, katuwa, mai kaushi, irin ta mutumin da ya saba kiran ayari a daji.

"Sodangi! Kai, Sodangi! Taho, don Allah!"

Madugu ne. Shi kaɗai ne a wurin yake da bakin kiran mai doki da suna.

Maigida ya sauke basilla, fuskarsa ta washe, na ga mutumina ya dawo. Ya ce Sodangi ya ji. Ya zaburi doki ya gangaro, barori suka bi shi suka tsaya bakin ruwa, don ba wanda ya ɗauke su aikin nutsewa. Doki ya sa ƙafa, laka ta riƙe shi har ciki. Dokin sarauta ne, bai san taɓo ba. Sodangi ya duba hagu ya duba dama, ya diro. Ya tuɓe riga ya rataya a reshe. Ya kwance rawanin nan, ya murɗa shi, ya naɗe shi zagaye-zagaye a hannu, ya ɗora a tsakiyar ka.

Hajjo ta dafe ƙirji ta ce, "Gammo!"

"Gammo," in ji maigida. "Ba a taɓa gammo mai tsada kama tai ba ƙasag Gobir."

Ya ce Sodangi ya kutsa cikin ruwa ya ɗauko tsohuwa da daminta, ya ɗora ta bisa sirdi, ya sa mata ƙafa a likkafar azurfa. Ya ce mata, "Inna, riƙe da kyau." Sannan ya sunkuya ya shiga ƙarƙashin doki, ya cira shi daga laka, da doki da tsohuwa da itace, ya aza duka bisa gammo, ya miƙe. Doki na wutsil-wutsil da ƙafafu a sama, tsohuwa na salati, Sodangi na keta ruwa.

Kasuwa ta ɗauka. Ban taɓa jin irin wannan sowa ba. Hajjo ta manta da wanda ke gefenta, ta miƙe tsaye tana kiran sunan da ƙarfinta duka, jijiyar wuya a tashe, hawaye na zuba. Labbo na buga cinya yana cewa shi dama ya san za a yi haka. Madugu kuwa dariya yake yi har rawaninsa ya kwance ya zamo, hula ta faɗi. Bara ya yi wuf zai ɗauko, ya ɗaga masa hannu. Ya zauna haka kai a buɗe, kowa na ganin kantar.

Tun daga ranar doki bai bar labarin ba, kyauta ce, ba a mayar ba. Duk inda aka kira Sodangi da dokinsa yake zuwa, wani lokaci yana jansa, yawanci yana ɗauke da shi, gajiyayyu ne ke hawa. Zancen uban nan attajiri kuwa ba wanda ya sake tayar da shi, ya bi ruwa. Takalman dai an bar masa, Madugu ya roƙa.

Amma ranar, da hayaniya ta lafa, maigida ya kai Sodangi gaci, ya buɗe baki zai ce sai ya jiyo kira daga wani gari, kamar yadda ya saba rufewa. Madugu ya riga shi. Ya matso, murya ƙasa-ƙasa, ba irin ta ɗazu ba.

"Gyartai, da yak kai gaci, ya sauke?"

"Ya sauke, ranka shi daɗe."

"To, ya zamna?"

Maigida ya dube ni. Na dube shi. Duk shekarun nan bai taɓa zaunar da yaron nan ba, ni ma da nake da kaso a cikinsa ban taɓa cewa ya zaunar da shi ba.

Ya ce, "Ya zamna. Akwai wata tsamiya nan bakin gulbi. Tsohuwa ta ce, ɗana, ba ka wucewa sai ka sha hura. Anka yi ta kira nai daga nesa, tac ce su dakata. Ya miƙe ƙahwahu cikin inuwa, tad dama mai, ya sha hay ya ƙoshi. Tac ce mai sannu."

Madugu ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi."

Ban san lokacin da hannuna ya kai ga ludayi ba. Na dama fura da nono mai kauri a wata tsohuwar ƙwarya da maigida ya ɗinke mini tun muna amare, na miƙa masa. Bara ya yunƙuro zai karɓa, wai maigidansa ba ya sha a kasuwa. Madugu ya sa hannu biyu ya karɓa da kansa. Ya jingina da tsamiya, ya miƙe ƙafafu, ya kafa kai.

Hajjo ta dube shi, ta dubi tsakiyar kansa, ta ce, "Sannu, Halliru."